Waƙa da Giɓin Arziki: Nazari a Kan Waƙoƙin Ɗanmaraya Jos da Matsayinsu a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda waƙar Hausa take wayar da kan jama'a game da giɓin da ke tsakanin mai akwai da marar shi, da kuma yadda ya kamata a koyar da irin wannan waƙa a makarantunmu na sakandare. Mun zaɓi waƙoƙin Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos su zama ginshiƙin nazarin, za mu kuma auna su da waƙoƙin yabo da na siyasa domin a ga inda suka yi fice da inda suka tsaya. Da yake manhaja ba ta da amfani sai ta shiga aji, mun sa ajin Hausa na mazaɓar Yolde Kohi, a Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu ta Jihar Adamawa, a gabanmu a matsayin ma'auni. Duk shawarar da ba za ta yi aiki a irin wannan aji ba, ba mu kawo ta ba.

Dalilin zaɓen wannan wuri a bayyane yake. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, wato mutum miliyan 82.9, suna rayuwa a ƙasa da Naira 137,430 a shekara, ban da Jihar Borno da ba a sa a lissafin ba. A Jihar Adamawa adadin ya kai kashi 75.4, alhali a Legas kashi 4.5 ne. A 2022 hukumar ta sake fitar da rahoton da ya haɗa da rashin ilimi da lafiya da muhalli, inda ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. Ke nan malamin da ya shiga aji a wannan jiha ya ɗauko zancen mai akwai da babu, labarin gidajen ɗalibansa ya ɗauko. Yadda ya sarrafa darasin shi zai sa yaro ya fita da fahimta, ko ya fita da kunyar sana'ar ubansa.

2.0 Wa Ke Ciyar da Makaɗi?

Kafin a tambayi abin da waƙa ta faɗa a kan dukiya, ya kyautu a tambayi inda makaɗinta yake samun abinci. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi bayani a kan roƙo a ƙasar Hausa, inda ya nuna cewa yabo da kyauta su ne ke bayyana matsayin kowa a cikin al'umma, su kuma tabbatar da shi. Makaɗin fada irin su Ibrahim Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, ko Musa Ɗanƙwairo, yana tafe ne da ƙungiya: masu kiɗa da 'yan amshi da sanƙira, kowannensu da iyali a bayansa. Haka Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yake da makaɗan kalangu da 'yan amshi, ya kuma waƙe sarakuna irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da attajirai da manyan ma'aikata. Ɗaukar nauyin irin wannan ƙungiya sai mai hali.

Kuskure ne a ce waƙar yabo ba ta san da talaka ba. Ta san da shi, tana ma da hanyarta ta kare shi. Tana ɗaukaka mai kyauta, ta yi wa marowaci zambo da habaici, har attajiri ya ji tsoron a san shi da maƙo. Ta haka take tilasta wa mai dukiya ya buɗe hannu. Sai dai iyakarta ke nan. Tana tambayar mai kuɗi nawa ya bayar, ba ta tambayarsa inda ya samo. A cikinta talaka mai karɓa ne, mai jiran a tuna da shi, kuma ƙimarsa tana rataye da kusancinsa da ubangida.

A nan ne Ɗanmaraya ya bambanta. An haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, ya rasa iyayensa yana ƙarami, daga nan laƙabinsa ya samo asali, ya kuma rasu a watan Yunin 2015. Abin kiɗansa kuntigi ne, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya wanda ake rufa fata a kan gwangwani a yi shi. Shi ke kaɗawa, shi ke rerawa, babu 'yan amshi. A ganinmu wannan shi ne mabuɗin fahimtar waƙoƙinsa. Makaɗin da kayan aikinsa ke shiga aljihu, wanda ba ya ciyar da ƙungiya, yana iya tsayawa a tasha ya waƙe wanda ba shi da abin ba shi. Ba mu ce bai yabi manya ba. Ya yabe su, ya kuma yi wa sojojin tarayya waƙoƙi a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Abin da muke cewa shi ne sauƙin kayan kiɗansa ya ba shi sararin da makaɗin fada ba shi da shi, kuma ya yi amfani da sararin.

3.0 Talaka a Matsayin Gwarzon Waƙa

Mafi bayyanar misali ita ce Waƙar Karen Mota. Karen mota shi ne yaron da ke kiran fasinja, ya loda kaya, ya canja taya, ya tura mota idan ta mutu, sa'annan a kira shi da sunan da ke ɗauke da raini. Ɗanmaraya ya ɗauki wannan mutum ya ajiye shi a gurbin da al'ada ta keɓe wa sarki da attajiri, wato gurbin wanda ake wa waƙa. Hikimar tana cikin wannan juyi. Mai sauraro ya saba jin ana jera nasabar ubangida da kyaututtukansa. A nan sai ya ji ana jera wahalhalun ɗan aiki. Da zarar an jera su, tambaya takan taso da kanta a zuciyar mai ji: idan wannan yaro ne ke ɗauke da nauyin tafiyar, me ya sa rabonsa ya fi na kowa ƙanƙanta? Makaɗin bai yi tambayar da bakinsa ba, amma ya shirya mata wuri.

Waƙar Mai Akwai da Babu kuwa tun daga sunanta ta raba al'umma gida biyu. Bahaushe yana da kalmomi da dama na matsayi, kamar sarauta da malanta da bauta da talauci, kuma kowace tana ɗauke da tarihi da nasaba. Kalmomin "akwai" da "babu" ba su san nasaba ba, abin hannu kawai suke aunawa. Wannan rabo ne irin na birni, inda ɗan sarki da ɗan maƙeri za su iya haɗuwa a layin neman aiki ɗaya. Ba mamaki a ji shi daga bakin mutumin Jos da Bukuru, garuruwan da haƙar kuza ta tara leburori daga sassa daban-daban na ƙasar nan.

Ta fuskar salo, abubuwa uku ne suka sa saƙon ya isa. Na farko, Hausarsa ta gari ce, mai sauƙi, wadda ba ta cika tsofaffin kalmomin fada ba. Na biyu, yakan gina waƙa a kan labari da zance tsakanin mutane, kamar yadda ya yi a Jawabin Aure da Gulma Wuya, har mai sauraro ya ji kamar wasan kwaikwayo yake kallo. Na uku, yana sa raha a cikin zancen da ke da ɗaci, ta yadda wanda ake nufi da gargaɗin zai yi dariya kafin ya gane da shi ake. Kuntigi da kansa ba ya danne murya, don haka kalma ce ke gaba, kiɗa na biye.

4.0 Inda Waƙoƙin Suka Tsaya

Nazari na gaskiya ba ya tsayawa ga yabo. Muryar Ɗanmaraya muryar nasiha ce. Yana magana da mutum ɗaya ɗaya a kan halinsa: mai akwai ya daina wulaƙanci, marar shi ya nemi sana'a, ya guji lalaci, ya yi haƙuri. Wannan magani ne na ɗabi'a, yana da amfani, kuma ya dace da tarbiyyar Bahaushe. Amma ɗalibin da ya tsaya a nan zai ɗauka talauci hali ne ko rabo kawai. Ba zai ga hannun farashin taki, ko kuɗin haya, ko albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ko ambaliyar Binuwai irin ta 2012 da ta 2022 da ta cinye gonaki a Adamawa ba.

Haka abin yake ga Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Da kiɗan ƙwarya na amada ta shiga cikin gidaje inda makaɗa maza ba sa shiga, kuma a waƙarta A Kama Sana'a Mata ta kira mata su nemi na kansu. Ta taɓa wani giɓi da sauran makaɗa ba su cika kula da shi ba, wato na dukiya tsakanin miji da mata. Duk da haka maganinta shi ma na mutum ɗaya ne: tashi ki nema. Inda za a samo jari, da wanda zai saya, suna wajen waƙar.

Domin a ga ɗaya hanyar, sai a dubi waƙoƙin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Marubuta irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin sun tsara waƙoƙin da ake rerawa a tarurruka, kuma jam'iyyar tasu ta ambaci abubuwan da ke cin talaka da sunayensu: haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin 'yan doka. A wurinsu talauci yana da sanadi, sanadin kuma yana da masu shi. Bayan zaɓen 1979, gwamnonin jam'iyyar PRP, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali a jihohinsu. Ba waƙa ce kaɗai ta yi wannan aiki ba, amma shekaru kusan talatin da aka yi ana rera ƙorafin sun taimaka wajen mayar da shi buƙatar jama'a. Ɗan makiyayin Adamawa da ya ji labarin jangali a bakin kakansa ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan.

A kudancin ƙasar nan ma an sami irin wannan murya. Fela Anikulapo Kuti, a faifansa Shuffering and Shmiling na 1978, ya ɗauki haƙurin talakan Legas da ke cunkushe a motocin haya a matsayin ɓangare na cutar kanta. Ke nan abin da Ɗanmaraya ya ba da shi a matsayin magani, Fela ya tuhume shi. Sai dai wannan hanya tana da tsada. Eedris Abdulkareem, haifaffen Kano, ya gamu da fushin gwamnati kan waƙarsa Jaga Jaga ta 2004, kuma a watan Afrilun 2025 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta hana sa waƙarsa Tell Your Papa, wadda ta yi magana a kan tsadar rayuwa. A Kano kuma Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, mai Baubawan Burmi, ya gurfana a gaban kotu a 2009 kan waƙarsa Hasbunallahu. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin zargin Ɗanmaraya da tsoro ba. Laushin harshensa ne ya ba waƙoƙinsa damar shiga gidajen rediyo shekara da shekaru, har suka kai kunnen mai akwai ɗin kansa. Abin da suka rasa na kaifi sun same shi a yaɗuwa.

5.0 Matsalar da Ke Cikin Aji

Hanyar nazarin waƙar baka da aka fi bi a makarantunmu ita ce wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, inda ake duba salsalar waƙa da turkenta da warwararsa da salo da sarrafa harshe, kamar yadda ake bin tsarin Abdulƙadir Ɗangambo a rubutacciyar waƙa. Hanyar tana da kyau, ta kuma ba malamai tsani. Matsalar tana ga yadda ake taƙaita ta. Abin da muka saba gani shi ne a tambayi ɗalibi turken waƙa, ya amsa da kalma ɗaya, "gargaɗi" ko "faɗakarwa", a ba shi maki, a wuce. Da wannan amsa Waƙar Karen Mota da waƙar hana shaye-shaye sun zama abu ɗaya, kuma zancen wanda ke aiki da wanda ke cin riba ya ɓace. Salsala, wadda ita ce ƙofar tarihin waƙa da yanayin da ya haife ta, ita aka fi tsallakewa.

A wuri irin Yolde Kohi akwai ƙarin al'amari. Yara da yawa a yankin Yola da Fulfulde ko wani harshen Adamawa suke tashi a gida, Hausa kuwa harshen kasuwa ce da tasha da wasa. Idan aka fara musu da Sakkwatancin Narambaɗa, lokacin darasi zai ƙare a fassara kalmomi, sai su koma hadda. Hausar Ɗanmaraya kuwa kusa take da wadda suke ji a kasuwar Jimeta da tashar Jambutu. Mutanen da ya waƙe ma suna nan: yaron mota da ɗan dako da lebura, ga kuma direban Keke Napep da ke biyan balas kullum ga mai keken, wanda cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara wa nauyi. Wannan ba ya nufin a yar da waƙoƙin fada, domin su ne taskar harshe. Magana ce ta wadda za a fara da ita da wadda za a biyo da ita.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren, wanda ya wajaba mu ambata. Malamin da ya ɗauki wannan batu yana iya mayar da aji dandalin siyasa, ko ya sa ɗan mai hali ya ji shi ake tuhuma, ko ya nuna wani yaro a matsayin misalin talauci. Duk waɗannan sun saɓa wa manufar darasi. Aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibi yin tambaya a kan waƙa, amsar kuwa ɗalibin ya nemo ta da hujja daga cikin waƙar.

6.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna ba masu tsara manhaja da malamai shawarwari kamar haka:

i. A riƙa koyar da waƙoƙin bibbiyu: waƙar yabon attajiri ko basarake tare da waƙar ɗan aiki, domin ɗalibi ya kwatanta abin da aka yaba a kowace, da matsayin da aka ba talaka a cikinta.

ii. A ƙara tambayoyi uku a ƙarƙashin salsala da turke: Wa ya ɗauki nauyin makaɗin? Me waƙar ta ce shi ne sanadin halin da talaka ke ciki? Wane magani ta bayar, kuma a wuyan wa ta ɗora shi?

iii. A sa ɗalibai su saurari waƙar da kunnensu kafin su ga rubutunta. Wayar hannu ɗaya da ƙaramar lasifika sun isa aji, kuma waƙar baka da aka raba da muryarta da kiɗanta ta rasa rabin ma'anarta.

iv. A ba ɗalibai aikin tattaro waƙoƙin aiki na yankinsu, na noma da daka da kiwo da su, ko da Fulfulde ne ko wani harshe, su bayyana ma'anarsu da Hausa. Wannan zai ƙarfafa Hausarsu ba tare da an raina harshen gida ba.

v. A jarrabawa, a rage tambayoyin da ake amsawa da kalma ɗaya, a ƙara waɗanda ke neman ɗalibi ya kafa hujja. A kuma sa wannan hanya cikin horon malaman Hausa a kwalejojin ilimi, irin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola, domin malami ba ya ba da abin da ba a ba shi ba.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa waƙar Hausa ta bi hanyoyi uku wajen fuskantar giɓin arziki. Waƙar yabo ta nemi mai dukiya ya yi kyauta. Ɗanmaraya da Barmani Choge sun ba talaka suna da mutunci, suka nemi kowa ya gyara halinsa ya kama sana'a. Waƙoƙin NEPU da magadansu sun nemi a canja dokar da ke cin talaka. Mun kuma ga cewa abin da makaɗi zai iya faɗa yana da alaƙa da wanda ke ciyar da shi da kuma abin da zai iya jurewa.

Hukuncinmu a kan Ɗanmaraya shi ne ya cancanci gurbi na farko a wannan darasi, saboda sauƙin harshensa da kuma juyin da ya yi na mayar da ɗan aiki abin waƙa, amma bai kamata a bar shi shi kaɗai ba. Waƙoƙinsa suna buɗe ido ga halin da ake ciki. Sai an haɗa su da sauran kafin ɗalibi ya kai ga tambayar dalili. Idan yaron da ubansa ke lodi a tashar Jambutu ya fita daga aji ya san cewa an taɓa yi wa sana'ar gidansu waƙa, ya kuma iya bayyana abin da waƙar ta faɗa da abin da ta bari, to darasin adabi ya biya buƙata.